Majalisi na Sha Huɗu: Fushi Domin Annabi da Ma'auninsa

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Muna gode Masa da Ya kawo mu wannan wata mai alfarma da ranmu da lafiyarmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi maza da mata, na Birni da Zango da Sabon Gari, na Garin Malam da Kara-Kara, da masu saurarenmu daga Mirriya, Matamaye, Magarya, Tanut da Gure, da duk inda muryar gidan rediyon nan take kaiwa,  Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Majalisinmu na yau zai tsaya a kan tambaya guda, wadda ta daɗe tana raba kan jama'a a masallatai da majalisun hira. Idan wani ya furta kalmar ɓatanci ga addini, ko ya taɓa mutuncin Manzon Allah (S.A.W.), me ya wajaba a kan al'umma, kuma ina iyakar abin da ya halatta ta yi? Wasu suna cewa duk wanda ya kira mutane zuwa ga haƙuri a irin wannan hali, imaninsa ne ya yi rauni. Wasu kuma suna cewa fushin kansa jahilci ne da rashin wayewa. Za mu auna maganganun nan biyu da ma'aunin Alƙur'ani da Sunna da fiƙihun malamanmu, mu ga abin da zai saura a cikinsu.

Babu watan da ya dace da wannan magana kamar Ramadan. Manzon Allah (S.A.W.) ya koyar da mai azumi cewa idan wani ya zage shi ko ya neme shi da faɗa, amsarsa ita ce ya tuna wa kansa da abokin rigimarsa cewa azumi yake yi. Wanda ya iya hana maƙogwaronsa ruwa tun daga alfijir har faɗuwar rana a cikin zafin Damagaram, ya sami horon da zai iya riƙe hannunsa da harshensa a ranar da zuciya ta tafasa.

Mu fara da abin da garin nan ya gani da idonsa, domin manyan cikinmu ba su manta ba, yaran da suka taso bayansa kuwa ya kamata su ji. A ranar 7 ga Janairu 2015 wasu mutum biyu ɗauke da bindigogi suka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, suka kashe mutum 12. Jaridar ta daɗe tana zanen izgili ga addinai, har da Annabinmu (S.A.W.). A ranar 11 ga watan aka yi babban jerin gwano a Paris, shugaban ƙasarmu na lokacin, Mahamadou Issoufou, yana cikin shugabannin da suka halarta, kuma wannan ya sosa ran mutane da yawa a nan gida. A ranar 14 ga watan jaridar ta sake fitowa da wani zanen a bangonta. Gwamnatin Nijar ta hana sayar da ita a ƙasar nan, haka ma gwamnatin Senegal ta yi.

Sai ranar Juma'a 16 ga Janairu, a cikin watan Rabi'ul Awwal, watan haihuwar wanda ake fushi dominsa. Bayan an sauko daga masallaci jama'a suka fantsama kan tituna. Kafin rana ta faɗi an ƙone cibiyar raya al'adu ta Faransa da Nijar, an ƙone majami'u, an fasa shaguna da gidajen Kiristoci, an taɓa ofishin jam'iyyar da ke mulki. Mutum biyar suka rasa rayukansu a nan Damagaram, cikinsu har da jami'in tsaro. Kiristocin gari da yawa, da matansu da ƴaƴansu, sai a barikin soja suka sami mafaka. Washegari wutar ta kama a Yamai, aka sake rasa mutum biyar, kuma ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45 a can, har da wani gidan marayu. Aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Wannan kuma shi ne karo na biyu a garin nan cikin shekaru kaɗan, domin a watan Satumba na 2012 an far wa majami'ar Katolika saboda wani fim na ɓatanci da aka shirya a Amurka.

To, jama'a, mu tsaya mu yi lissafi kamar yadda ɗan kasuwa yake yi idan kasuwa ta tashi. Waɗanda suka buga zanen suna Paris, ko hayaƙin wutarmu bai kai musu ba. Jaridar da a da take buga kwafi wajen 60,000 a mako, fitowarta ta bayan harin an buga ta fiye da miliyan 7, aka fassara ta cikin harsuna da dama. Wato zubar da jinin da aka yi a can shi ya kai zanen gidajen da ba su taɓa jin sunan jaridar ba. A nan kuwa gawarwaki goma muka binne, dukkansu a ƙasarmu. Ɗakin littattafan da ya ƙone, ɗalibanmu ne suke karatu a cikinsa. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma abin da muka yi ya fi na zomo muni, domin maƙwabcin da aka ƙone wa gida bai kashe ba, bai rataya ba.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Fushin da Musulmi yake ji idan aka taɓa Annabinsa yana daga cikin imani. An karɓo a ingantaccen hadisi cewa imanin mutum ba ya cika har sai Manzon Allah (S.A.W.) ya fi soyuwa gare shi a kan mahaifinsa da ɗansa da mutane baki ɗaya. Wanda aka zagi mahaifiyarsa a gabansa bai ji komai ba, kowa zai ce zuciyarsa ta mutu, balle wanda ya fi uwa da uba. Saboda haka masu cewa fushin kansa jahilci ne sun yi kuskure, kuma masu zanen izgili suna da nasu alhaki a kan abin da suka tsokano. Amma Allah bai bar mana fushi sakaka ba. Ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, Yana yi wa masu tauye mudu gargaɗi. Idan ba a yarda mai awo a kasuwar Dole ya tauye tiyar gero ba, yaya za a yarda a yi awon jini da dukiya da mutunci ba tare da tiya ba? Ma'aunai huɗu ne za mu ambata a daren nan.

Ma'auni na farko shi ne tabbatar da labari. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 6, Allah Ya umarci muminai su bincika labarin da marar amana ya zo da shi, don kada su cutar da wasu cikin rashin sani su koma suna nadama. Ku dubi yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi a tafiyar yaƙin Banul Musɗaliƙ. Shugaban munafukai, Abdullahi ɗan Ubayyu, ya faɗi mummunar magana a kansa, yana alwashin fitar da shi daga Madina idan an koma. Wani yaro, Zaidu ɗan Arƙam, ya ji da kunnensa ya kai labari. Annabi (S.A.W.) bai zartar da komai a kan wannan labarin ba. Ya sa aka kira wanda ake tuhuma, ya ji ta bakinsa, mutumin ya rantse bai faɗa ba, kuma aka bar maganar a haka har wahayi ya sauka ya gaskata yaron. Wanda aka zaga ne da kansa, kuma shi ne shugaban gari, amma sai da ya saurari ɓangare biyu.

Mu kuwa yau labari yana zuwa mana ta WhatsApp, saƙon murya ne da aka yanke kansa da gindinsa, ko fassarar da ba a san wanda ya yi ta ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ɗanɗana wannan a watan Yuni na 2019. An kama wani limami saboda sukar da ya yi wa wata dokar da ta shafi tsarin ibada, matasa suka fusata suka ƙone wata majami'a a daren. Da aka sako shi, limamin ya fito ya kira mabiyansa su kwantar da hankali, ya kuma bayyana cewa takardar da aka fassara masa ta ɓatar da shi. Ya kyauta da ya faɗi gaskiya, Allah Ya saka masa. Amma toka ba ta komawa gini. Duk wanda aka turo masa magana ya tambayi kansa abu uku kafin ya tura wa wani: wa ya ji da kunnensa, me aka faɗa kafin wannan jimlar da bayanta, kuma da wane harshe aka faɗe ta.

Ma'auni na biyu shi ne laifi yana kan mai shi. Alƙur'ani ya maimaita wannan ƙa'ida a wurare da dama, daga ciki akwai Suratul An'ami, aya ta 164, cewa ba a ɗora wa wani rai kayan zunubin wani. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, Allah Ya hana ƙiyayyar da muke yi wa wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Kiristan da yake zaune a Sabon Gari ko Zango, ko ɗan ƙasar nan ne ko baƙon da ya zo daga Benin ko Togo neman abinci, da amana yake zaune a cikinmu. Imamul Buhari ya ruwaito gargaɗi mai tsanani cewa wanda ya kashe mai zama bisa alƙawarin aminci ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai wasiyyar da Sayyidina Abubakar (R.A.) ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham da runduna. Ya hana shi kashe mata da yara da tsofaffi, ya hana shi sare itace mai ƴaƴa da rushe gine-gine, ya kuma umarce shi ya ƙyale masu ibadar da suka keɓe kansu a ɗakunan bautarsu. Wannan a fagen fama ke nan, da takobi a zare. Yaya kuma a cikin gari, ranar Juma'a, a kan mutanen da ba su ɗaga maka ko sanda ba?

Har wa yau, a Suratul Hajji, aya ta 40, Allah Ya ambaci wuraren ibadar ma'abota littafi tare da masallatai a cikin abubuwan da ake tsarewa daga rushewa. Garin nan kuma tun asali garin baƙi ne. Zango mazaunin fatake ne, Buzaye da Larabawan Gadamus da Tarabulus sun sauke kaya a cikinsa. Bature Kirista ɗan yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya sauka a nan a ƙarshen 1852, ya yi makonni, ya wuce Katsina lafiya. Kuma a waccan baƙar Juma'a akwai Musulmin da suka buɗe ƙofofin gidajensu suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci. Waɗannan su ne suka fi kowa bin sunna a ranar, Allah Ya saka musu da alheri.

Ma'auni na uku shi ne wa yake da ikon zartar da hukunci. A nan ne almajirai masu karatu suke kawo hujjarsu mafi ƙarfi, kuma wajibi ne mu amsa ta da gaskiya. Suna cewa, ai littafin Ashafa na Alƙali Iyal, wanda muke karantawa a wannan wata, ya kawo hukunci mai tsanani a kan mai zagin Annabi, kuma an san labarin Ka'abu ɗan Ashraf. Haka ne, babu mai ɓoye wannan. Amma ku tuna wane ne marubucin. Alƙali ne, ya yi alƙalanci a Sabta da Garnaɗa, ya rasu a Marrakish a shekara ta 544 bayan Hijira. Sashe na ƙarshe na littafin, wanda ya tattara waɗannan hukunce-hukunce, magana ce ta majalisar shari'a. Ya rarrabe tsakanin lafazin da yake ƙarara da wanda yake ɗaukar ma'ana biyu, ya yi magana a kan shaidu da ƙarfin shaidarsu, ya kawo shari'o'in da manyan malamai suka yi saɓani a kansu, wasu suka tsananta wasu suka sassauta. Idan malaman Ƙurɗuba da Ƙairawan sun zauna suna juya kalma guda kafin su yanke, yaya taron da ya haɗu cikin minti goma a bakin kasuwa zai gane abin da ya ɗaure musu kai? Shi kuwa Ka'abu ɗan Ashraf, ya je Makka bayan Badar yana zuga Ƙuraishawa su ɗauki fansa, kuma abin da ya same shi ya faru ne da umarnin Annabi (S.A.W.) a matsayinsa na shugaban Madina. Babu wani sahabi da ya tara jama'a da kansa ya ce a tafi.

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa tsayar da haddi aikin shugaba ne ko wanda ya wakilta. Wani zai ce, to ai kotunan ƙasar nan ba da wannan hukunci suke aiki ba. Amsa ita ce, rashin alƙalin da zai yi maka yadda kake so ba ya mayar da kai alƙali. Abin da ya fi ƙarfinka ya faɗi daga wuyanka, Allah ba zai tambaye ka shi ba, amma zai tambaye ka jinin da ka zubar da hannunka. Kuma ƙofar nan idan aka buɗe ta, ba Kirista kaɗai take ci ba. A Sakkwato, a watan Mayu na 2022, taron ɗalibai ya kashe wata ɗaliba Kirista saboda saƙon murya, majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. Shekara guda bayan haka, a watan Yuni na 2023, a garin dai, taro ya kashe wani mahauci Musulmi bisa zargin ɓatanci, ba alƙali, ba shaidu, ba a ji ta bakinsa a gaban kowa ba. Ranar da ihu ya zama shari'a, duk mai bin ka bashi, da mai hassadar rumfarka, da wanda kuka yi rigimar gona, ya sami makamin da ba ya buƙatar hujja.

Ma'auni na huɗu shi ne kada ramuwa ta wuce laifi, kuma kada gyara ya haifi ɓarnar da ta fi ta farko. A ƙarshen Suratun Nahli Allah Ya halatta ramuwa daidai da abin da aka yi wa mutum, sannan Ya nuna cewa haƙuri ya fi. Malamanmu na Malikiyya sun kafa sharuɗɗa uku ga mai hani da mummuna: ya kasance ya san hukuncin abin da yake hanawa, ya amince haninsa ba zai jawo mummunan da ya fi girma ba, kuma ya yi zaton hanin zai yi amfani. Ku ɗora waccan Juma'a a kan waɗannan sharuɗɗa ku gani ko ta cika ko da guda.

Mu koma ga labarin Ibnu Ubayyu. Da maganarsa ta bazu, Sayyidina Umar (R.A.) ya nemi izini a sare kansa. Annabi (S.A.W.) ya ƙi, dalilinsa kuwa kada mutane su riƙa yaɗa cewa yana kashe waɗanda suke tare da shi. Ya duba yadda na nesa za su ga Musulunci. Sa'an nan ya ba da umarnin a tashi a lokacin da bai saba tafiya ba, aka yi ta tafiya yini da dare har zuwa hantsi, da aka sauka kowa ya faɗi barci ya ɗauke shi, ba wanda ya sami ƙarfin maimaita zancen. Shugaba na gari haka yake yi da jama'ar da ta hasala, yana nema mata abin da zai ɗauke hankalinta har zuciya ta huce. Ina ma limamanmu da masu huɗuba za su riƙe wannan, su san cewa wanda ya hura wuta daga kan mumbari sannan ya koma gida ya rufe ƙofa, yana da kaso a cikin abin da ƴaƴan talakawa suka aikata da abin da ya same su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku ƙara da wannan. Ƙuraishawa sun kasance suna juya sunansa, suna kiransa Muzammam, wato abin zargi. Sai ya nuna wa sahabbansa yadda Allah Ya kautar da zaginsu daga gare shi, tun da wani Muzammam suke zagi, shi kuwa Muhammadu ne. Wasu Yahudawa suka shigo suka lanƙwasa sallama suka mai da ita addu'ar mutuwa, Nana A'isha (R.A.) ta mayar musu da zafi har da tsinuwa, sai ya tausasa ta, ya nuna mata cewa Allah Yana son sassauci a cikin kowane al'amari, kuma shi ya riga ya mayar musu da maganarsu daidai da yadda ta zo, bai ƙara ba. Allah da kanSa Ya faɗa wa muminai tun da wuri, a Suratu Ali Imrana, aya ta 186, cewa za su ji cutarwa mai yawa daga bakin waɗanda ba su yi imani ba, kuma abin da Ya shiryar da su zuwa gare shi shi ne haƙuri da taƙawa.

To, idan haka ne, shin mu naɗe hannu ke nan? A'a. Akwai matakai, kowanne da mai hawansa. Matakin da yake kan kowa shi ne wanda Suratun Nisa'i, aya ta 140, ta koyar: kada ka zauna a majalisar da ake izgili da ayoyin Allah. A zamaninmu wannan ya haɗa da fita daga zauren WhatsApp ko shafin Facebook da ake yin haka, da ƙin tura ɓatancin ga wasu. Mai tura hoton izgili ga mutum ɗari da sunan ku ga abin da aka yi, ya yi wa mai zanen aikin da bai biya shi ba.

Mataki na gaba na masu ilimi da fasaha ne, su amsa magana da magana. Annabi (S.A.W.) ya sa an kafa wa Hassanu ɗan Sabit mumbari a masallaci domin ya mayar wa mawaƙan Ƙuraishawa martani. Amma kafin ya fara, sai da ya tura shi wurin Sayyidina Abubakar, masanin nasabar Ƙuraishu, domin kada kibiyarsa ta sami wanda bai kamata ba. Ko da baki za a rama, sai an yi saiti.

Idan abin a cikin gari ya faru, muna da mai unguwa, da liman, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da ƙungiyoyin malamai, da hukuma. A kai magana can, a kira mutumin, a ji ta bakinsa. A duba ko yaro ne, ko mai taɓin hankali, ko jahili, ko wanda harshe ya suɓuce masa, domin Imamu Muslim ya ruwaito misalin mutumin da raƙumarsa ta ɓace a daji, da ya same ta tsananin murna ya sa ya juya kalmar godiya ga Allah, kuma ba a kama shi da laifi ba. Kuma a bar ƙofar tuba a buɗe. Ka'abu ɗan Zuhairu ya yi wa Annabi (S.A.W.) zambo, daga baya ya zo Madina yana mai tuba, aka karɓe shi, har aka yafa masa mayafi.

Idan kuwa daga wata ƙasa abin ya fito, akwai takardar ƙorafi ta hannun hukuma, akwai jerin gwanon lumana wanda dattawa suke gaba, da hanya sananniya da lokacin tashi, akwai kuma ƙaurace wa kaya. A waccan Juma'ar ta 2015 dubban mutane sun fito a Bamako sun bayyana fushinsu, ba su binne kowa ba. A 2006, bayan wata jaridar Denmark ta buga irin wannan zane a 2005, Musulmin ƙasashen Larabawa sun daina sayen kayan ƙasar, kuma manyan kamfanoninta sun ji a jikinsu. Kuɗinka naka ne, kana da ikon hana shi wanda ka ga dama, kuma babu marayan da zai kwana a waje saboda haka.

Sa'an nan mu juyo da fitilar zuwa kanmu, domin laifi tudu ne. Allah Ya hana mu, a Suratul An'ami aya ta 108, zagin abin da wasu suke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Annabi (S.A.W.) ya lissafa cikin manyan zunubai mutum ya jawo wa iyayensa zagi ta hanyar zagin iyayen wani. Ku saurari tashar mota da bakin famfo da filin ƙwallo, ku ji yadda ashar ya zama ruwan sha. Ku saurari wasu wa'azozin da suke yawo a wayoyinmu, na wannan ɓangare yana kafirta na wancan, ɗan ɗariƙa da ɗan Izala kowa yana yi wa shehunan ɗan'uwansa laƙabi. Yaron da ya tashi yana jin malaminsa yana zagi a lasifika, wa zai koya masa cewa harshe yana da linzami?

Magana ta ƙarshe ga wanda ya san hannunsa yana cikin abin da ya faru a waccan rana ko makamanciyarta. Ƙofar Allah a buɗe take, kuma wannan wata ne na ƴantawa daga wuta. Amma haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Wanda ya ɗauki kujera, ko kwanon rufi, ko buhun shinkafa daga shago ko gidan da aka fasa, ya sani ba ganima ba ce, dukiyar mutane ce. Ya mayar da ita ko ƙimarta ga mai ita, ko da ta hannun liman ne a ɓoye. Idan ya nemi mai ita ya rasa, ya tambayi malami yadda zai sauke nauyin. Iyaye kuma ku zaunar da ƴaƴanku a daren nan bayan tarawihi, ku karanta musu tarihin Annabi (S.A.W.), su san halinsa kafin ranar da wani zai kira su titi da sunansa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya Allah, Ka cika zukatanmu da son AnnabinKa, Ka sa son ya zama biyayya gare shi. Ya Allah, Ka tsare harsunanmu daga ɓatanci, Ka tsare hannayenmu daga jinin da Ka haramta. Ka jiƙan Musulmin da suka riga mu, Ka shiryi matasanmu, Ka ba su sana'ar halal, Ka ba shugabanninmu adalci da malamanmu hikima. Ka zaunar da Damagaram da Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ka ba mu damina mai albarka. Gobe in Allah Ya kai mu za mu shiga bayanin i'itikafi da falalar goman ƙarshe.